Wanzamin Kason Magarya

Aska ta uku ce a hannunsa lokacin da rana ta taɓa kan katangar kaso. Alkasim ya ɗiga ruwa a dutsen wasa, ya ja askar sau bakwai ta wannan gefe, ya juya ta, ya ja sau bakwai ta wancan, sannan ya gwada kaifinta a gashin bayan hannunsa. Haka yake yi kowace safiyar Juma'a, zaune a kan buzunsa a gindin katanga, zabira buɗe a gabansa, kafin a buɗe masa ƙofa.

Gajere, gardin da ke tsaron ƙofar, ya leƙo ta tsagar ƙyaure.

"Mai rai biyu, ka zo sausayar ragunanka?"

"Da kanka zan fara, in ka samo gashi aro," in ji Alkasim, bai ko ɗaga kai ba.

Gajere ya shafa sanƙonsa yana dariya, ya ja sakata.

Ba wanda ke biyan Alkasim wannan aiki. Kumandan ya ƙyale shi yana shiga ne saboda ƙwarƙwata ta addabi mutanen ciki har ta fara bin kakin masu tsaronsu zuwa gida. Akwai wani ɗaki kusa da ƙofa, mai taga ɗaya a can sama, nan ake jero masa fursunoni, gardi na tsaye a bakin ƙofa da sandarsa. Mutum ya zo ya durƙusa, ya sunkuyar da kai tsakanin gwiwoyin wanzami. A wannan sunkuyon ne, aska na tafiya a hankali daga goshi zuwa ƙeya, bakin mutum ke buɗewa. A ce wa uwata ina nan da rai. A ce wa ƙanena ya sayar da akuya, kada ya taɓa jaki. A tambayo min ko matata ta sauka, namiji ne ko mace. Alkasim ba ya rubutu, ba ya karatu. A kansa yake ɗaure saƙonni, kowane da ƙullinsa, kamar yadda tsohuwa ke ɗaure kanwa da gishiri a gefen zane.

Alkasim mutumin Waca ne, ɗan wanzami, jikan wanzami. Yana da shekara ashirin da 'yan kai, da mata ɗaya mai suna Fanta, da gona, da rumbu guda cike da gero, aka zo neman sojoji don yaƙin Jamus. Aka auna ƙirjinsa, aka duba haƙoransa, aka sa shi a kamiyo, babbar motar soja. Ya ga teku, ya yi amai a kanta kwana da kwanaki. Bai daɗe a fagen yaƙi ba aka kama su, aka zuba su a wani sansani a ƙasar Faransa, bayan waya mai ƙaya, sojan Jamus na gadinsu. Sanyin wurin shi ya ci masa yatsun ƙafa biyu, yunwar wurin ta ci haƙoransa na gefe.

Ba ya yawan ba da labarin can. Abu ɗaya kawai yakan faɗa in an matsa masa. Akwai wata tsohuwar Baturiya da ke zuwa kowace Lahadi, tana tura keke a cikin dusar ƙanƙara, da kwando ɗaure a baya. Ba gwamnati ta aiko ta ba, ba ta da ɗa ko miji a cikinsu. Takan miƙo burodi ta tsakanin waya, da dafaffen dankali, da safar da ta saƙa da hannunta. Takan tambayi kowa sunansa da na garinsu, ta rubuta, ta yi alkawarin aika takarda gida. Bakinta bai iya sunan Waca ba, sai ta yi ta gwadawa, suna dariya, ita ma tana yi. Alkasim ya ce a duk shekarun nan ita kaɗai ta kira shi da suna, sauran lamba suke kira. A sanyi na uku ta daina zuwa. Ba wanda za a tambaya, ba su ma san sunanta ba.

Takardarta ba ta iso Waca ba. Abin da ya iso shi ne bakin wani soja da ya rantse ya ga Alkasim kwance a fagen fama. Aka yi zaman makoki, aka yi sadakar arba'in. Fanta ta yi takaba, ta fita, ta yi aure a wani gari. Dangi suka ɗage jinkar rumbunsa suka raba geron. Da ya dawo bayan shekara shida, da ƙafa mai ɗingishi da bargon soja a kafaɗa, ya tarar da rumbun a tsaye, baki buɗe yana kallon sama, kaji na kwana a ƙarƙashinsa. Mutane suka gaishe shi, suka yi murna da gaske, amma ya lura ba wanda ke tambayar shawararsa a bakin masallaci, kuma in an zauna maganar gona sai a tsallake shi. An riga an raba shi. Ba a san inda za a mai da shi ba. Ya yi damina ɗaya, ya ɗauki zabirar ubansa ya koma Magarya. Can aka sa masa Mai rai biyu.

Daga Asabar zuwa Alhamis yana bin kasuwanni, Kwaya, Waca, Dungas, yana aski da ƙaho don abin da zai ci. A tsakanin kasuwa da kasuwa yakan ratse zuwa ƙauyukan mutanen kaso. Bisa jakinsa akwai abin da ya roƙo wajen 'yan kasuwar Magarya: tiyar gero daga wannan, ƙuliƙuli daga wancan, tsohuwar riga, guntun kanwa. Sun san shi, wasu kan ɓuya a bayan buhuna in sun hango ɗingishinsa, shi kuwa ya zauna a bakin rumfa ya jira har kunya ta fito da su. Ranar da aka saki mutum, Alkasim ke tarbarsa a ƙofa. Ya yi masa aski, ya ba shi wankakkiyar riga, ya raka shi har ƙauye, ya zauna a tsakar fili ya sa hannu a ƙwarya ɗaya da shi a gaban kowa. In wanzamin da ke yi wa 'ya'yansu askin suna bai ƙyamaci mutum ba, sauran ma sai su matso.

Abu guda ya riƙe duk wannan aiki. Alkasim ba ya ƙara wa saƙo gishiri, ba ya rage masa ɗaci. Ya taɓa kai wa mace saki, ya faɗa yadda aka faɗa masa. Ya taɓa kai wa fursuna maganar uwarsa cewa kada ya dawo mata gida, bai sassauta ko kalma ba. Shekara takwas ba a kama shi da canza magana ba, har ta kai masu gari na yanke hukunci a kan bakinsa. In ya ce wane ya ce, to kamar wane ne tsaye a wurin.

A shekarar da damina ta yanke tun gero bai yi kai ba, aka kawo wani manomi kaso, Dogo, daga wani ƙauye na ƙasar Kwaya. An tare shi da jaki da buhun gyaɗa zai tsallaka iyaka ba tare da ya bi ta duwan, wato 'yan kwastan, ba, aka yi ja-in-ja, ya ɗaga sanda. Aka yanke masa wata tara. Mutum ne mai ƙarancin magana, mai faɗin kafaɗa, irin manoman da gonarsu ke fita daban ko a mugunyar shekara. Saƙonsa kullum ɗaya ne: a gaida Inna, a ce wa Ƙande ta kula da yara.

Da bazara ta yi tsakiya, Alkasim ya kai wannan saƙo ƙauyen. Rabin gidajen an toshe ƙofofinsu da ƙaya, masu su sun tafi cin rani kudu. A gidan Dogo ya sami Ƙande, matarsa, tana tace anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa su kwanaki kafin ciki ya karɓe su. Yara maza biyu na zaune a inuwar darni, ba wasa, ba faɗa. Ƙaramarsu, Ɗela, 'yar shekara uku, na kwance a kan tabarma. Gashinta ya yi ja ya yi laushi kamar gashin masara, ƙafafunta sun kumbura suna ƙyalli. Alkasim ya danna ɗan yatsa a ƙafar, gurbin ya zauna bai taso ba. Ya ga irin wannan ƙafa a bayan waya, ya san inda take kai mutum.

Taki goma daga tabarmar, rumbun Dogo na tsaye a kan duwatsunsa, jinka ɗaure da igiya, cike da geron bara waccan.

A ƙasar nan mace ba ta leƙa rumbun mijinta. Maigida ne ke hawa ya ɗage jinka ya miƙo dami, shi ma sai ruwan farko ya sauka, lokacin da za a ɗebi iri kuma a ciyar da masu noma. In ba ya nan, sai da izininsa. Hannun wani ba ya taɓa igiyar nan ba da bakin mai ita ba, sai ranar rabon gado.

A inuwar rumbun tsohuwa Ya Kaka, uwar Dogo, ta shimfiɗa tabarmarta. Ita ma ƙashi da fata ce, ita ma anzar take ci. Alkasim ya durƙusa ya gaishe ta, ya yi mata maganar yarinyar. Ta ce ta gani, ba makauniya ba ce, jikarta ce, sunan yayarta aka sa mata. Amma ɗanta yana da rai. Muddin igiyar nan na ɗaure, duk mai wucewa ya san gidan yana da mai shi. Mai gari ma da aka je wajensa bai ce komai daban ba. Ya ce a kawo bakin Dogo, ko kalma ɗaya ce, shi da kansa zai sa a hau.

Juma'ar da ta biyo, Dogo ya durƙusa, Alkasim ya jiƙa masa kai, ya gaya masa abin da ya gani, har da gurbin yatsa a ƙafar Ɗela. Ya ji jijiyar wuyan mutumin ta ɗaure a ƙarƙashin hannunsa. Sannan Dogo ya ce saura Juma'a bakwai a sake shi, kuma ruwa ba zai riga shi ba. Geron nan shi ne iri, shi ne abincin noma. In an ci shi a bazara, me za a zuba a rami? Kuma an riga an ce ɗan kaso ne. In aka ƙara da cewa an buɗe rumbunsa yana numfashi, da wace fuska zai zauna cikin magidanta, wa zai ba 'ya'yansa mata in sun girma?

"Kai ka fi kowa sani, Wanzam. An buɗe naka. Ka koma ka zauna?"

Alkasim ya san gaskiya mutumin ya faɗa. Ya tambaye shi to me zai ce musu.

"Ka ce su yi haƙuri. Ka ce ina tafe."

Ya kai saƙon yadda aka ba shi. Ya haɗa da tiya biyu na gero da ya samu da ƙyar, don a shekarar har 'yan kasuwa sun daina jin kunyarsa. Ƙande ta karɓi geron, ta saurari saƙon mijinta. Ya Kaka ta gyaɗa kai. Tiya biyu a bakin mutum biyar kwana nawa za su yi? Ya yi wa Ɗela addu'a, ya hau jakinsa ya bi kasuwanninsa, yana aske kawunan mutanen da ba su da abin ba shi sai godiya.

Da ya sake ratsowa ranar Laraba ta mako na biyu, tabarmar na jingine a darni, an wanke ta tana bushewa. An binne Ɗela tun Litinin. Ƙande na zaune inda take zama, tana tace anza. Babban yaron ya taso ya kama masa jaki. Ƙaramin bai taso ba. Alkasim ya dubi ƙafafunsa, ya kau da kai, ya sake dubawa.

Ƙande ta yi magana ba tare da ta dube shi ba. Ta ce ba ta da saƙo. Ta ce ya faɗa wa mai gidan abin da ya gani kawai, tunda shi ba ya ƙari ba ya ragi.

Hanyar Magarya rairayi ce, jaki na nutsewa har idon sawu. Alkasim ya sauka ya bi shi a ƙasa, yana jan ƙafarsa mai yatsu uku. Tun daga ƙauyen har ya hango itatuwan gari yana juya abu ɗaya. Kalma ɗaya ake nema, kuma duk ƙasar nan bakinsa kaɗai za a karɓe ta. Da ya faɗe ta makonni biyu da suka wuce, da wataƙila yarinyar na nan. Shi ya ɗauko gaskiya a kan jaki, ya kai ta har bakin tabarma, ya ajiye. Ya kuma san abin da zai biyo baya in ya faɗi abin da ba a ce ba. Dogo zai fito, magana za ta fito tare da shi. Daga ranar ba mai garin da zai sake yanke hukunci a kan bakin Alkasim, ba matar da za ta yarda mijinta na da rai don wanzami ya ce. Mutum arba'in ne a kaso, da waɗanda za su shiga bayansu, duk ta wannan ƙaramar kafa suke shaƙar iskar gida.

Safiyar Juma'a ya wasa askarsa bakwai da bakwai. Gajere ya leƙo da tsiyarsa, ya ga fuskarsa, ya haɗiye ta, ya buɗe ƙofa.

Alkasim ya sa aka kawo Dogo farko. Ya jiƙa kan, ya ɗora aska, ya yi rabin aski kafin ya yi magana, don kada mutumin ya zabura ya yanke.

"Allah ya yi wa Ɗela rasuwa. Litinin aka kai ta."

Dogo bai motsa ba. Ruwan da ke ɗiga ƙasa tsakanin gwiwoyinsa ya fi wanda aka zuba masa a ka. Alkasim ya bar shi, ya ci gaba da aski a hankali, yana share gashin a tafin hannu. Sannan ya gaya masa ƙafafun ƙaramin yaron sun fara kumbura.

Mutumin ya buɗe baki, ya rufe. Ya sake buɗewa. A ƙarshe, da muryar da ba ta fi numfashi ba, ya ce ya kasa. Ya ce yana so, Allah ya sani, amma kalmar ta ƙi fita. Uwarsa na zaune a gindin rumbun nan, in ta ji daga bakinsa ta fito, ita ma ya binne ta.

Alkasim ya gama ƙeya, ya gyara bayan kunne, ya goge askar.

"To kada ka faɗa. Yau zan koma, in ce ka ce a buɗe, a ware dami uku na iri, a ci saura."

Dogo ya ɗago kai. Karo na farko ke nan da suka dubi juna ido da ido.

"Ban ce ba."

"Ba ka ce ba. Gajere ma shaida ne ba ka ce ba. Ranar da ka fito, ka tsaya a kasuwar Kwaya ka faɗa da ƙarfi cewa wanzami ya yi maka ƙarya. Ka zage ni, in ka so ka ɗaga sandar nan taka. Kowa zai san ba kai ka saki gidanka ba, maƙaryaci ne ya shiga tsakani. Za ka zauna cikin magidanta."

"Kai fa?"

"Ni an taɓa raba ni."

Gajere na bakin ƙofa, ya juya baya yana duban tsakar kaso kamar an kira shi. Dogo ya sunkuyar da kai, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Da gardin ya taɓa kafaɗarsa ya tashi, ya bi bango ya koma ciki.

Sauran fursunoni na jere a tsugune, sun ji komai. Alkasim ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce duk mai saƙo ya faɗe shi yau, ya faɗi har wanda yake ajiya don gaba, domin bakinsa na da sauran Juma'a biyar na daraja, zai kai wa kowa nasa kafin ta ƙare. Suka matso. Ya aske su duka, ya saurare su duka. Wani tsoho da aka kawo kan rikicin rijiya ya riƙe masa hannu bayan an gama, ya tambaye shi wa zai riƙa gaya musu labarin gida daga baya. Alkasim ya ce aski dai zai ci gaba da zuwa yi, in an bar shi.

Rana ta bar tagar sama, ɗakin ya koma inuwa. Ya tattara gashin da ke ƙasa a tsumma don ya binne shi a waje, yadda ubansa ya koya masa. Ya jera asake a zabira, ya zubar da sauran ruwan ƙoƙo a gindin bango, ya naɗe buzu. Gajere ya ce masa a hankali ya tsaya a yi sallar Juma'a mana, rana ta yi zafi, rairayi zai dafa masa ƙafa. Alkasim ya ce in ya tashi yanzu zai isa da sauran haske, mai hawa rumbu ya ga igiya.

Ya rataya zabira a kafaɗa, ya sunkuya saboda ƙofar gajeriya ce, ya fita yana ɗingishi.